Motar da Ke Hawa Tudu da Baya

A garinmu, Saint-Aubrin, in ka ce Léontine ba mai tambayarka wace Léontine. Mota ce. Shekara da shekaru tana zaune a rumfar bayan gidanmu, tsakanin gangunan inabi da wani tsohon keken shanu, an lulluɓe ta da zannuwan gadon da kakata ta daina shimfiɗawa.

Kakan kakana ne ya saye ta a shekarar 1901, a hannun wani mai ƙera kekuna da ake kira Vayssière. Mutumin ya ƙera motoci 'yan ƙalilan, ya ga wahalar ta yi yawa, ya koma kan kekunansa. Tamu ce kaɗai ta rage, haka dai masu sani suke cewa. Ba ta da rufi, ba ta da sitiyari. Wani ƙarfe ne a tsaye a tsakiya, mai mariƙi a sama, shi ake karkatawa. Injinta yana ƙarƙashin kujerar direba, in ya tashi sai ka ji tuf, tuf, tuf, kamar tsoho yana tari da safe. Kujerunta biyu ne, suna kallon juna. Direba yana kallon gaba, wanda ya ɗauka kuma yana kallon direba, ya ba hanya baya.

Ta ga abubuwa. Lokacin yaƙi, da sojoji suka bi gida-gida suna kwashe duk abin da ke da taya, mahaifiyar kakana ta jibga mata itacen girki har ta ɓace. Da aka buɗe ta bayan yaƙi, kaji sun mai da kujerar gaba wurin ƙwai. Kakana, Pépé Anselme, yana yaro a lokacin, ya ce shi aka sa ya kankare kashin kajin, kuma tun ranar ya san tasa ce.

Ni Bastien, a hannun Pépé da matarsa Mémé Philomène na taso. Makaranta ba ta karɓe ni ba, nima ban matsa mata ba. Aikin gonar inabi nake yi, in na samu sarari kuma in shiga rumfa in shafa wa Léontine mai, in goge fitilunta na tagulla.

Muna da wata al'ada. Ranar Lahadin da ke bin ƙarshen girbi, ana kai kwandon inabi na ƙarshe ƙaramin cocin da ke kan tudu, Fada, limamin cocin, ya sa masa albarka. Léontine ce ke kaiwa. Amma tudun ya fi ƙarfinta in ta fuskance shi, a ribas kaɗai take da ƙarfin ja. Don haka in an zo wurin famfon dandali sai a juya ta, ta hau da baya, mutanen gari na biye suna ta surutu. Tun da na iya ɗaukar abu mai nauyi, ni ke bin ta da guntun katako, in inji ya mutu in cusa a gaban taya kada ta gangaro. Daga inda nake, bayan Mémé nake gani da fuskar Pépé.

Abin da kowa ke jira kuwa shi ne faɗansu. Pépé ba ya ko waiwayawa ya duba hanya. Yana riƙe da ƙarfen tuƙi, jan bargo a kan ƙafafunsu su biyu ko da ana rana, bakinsa na aiki.

"Ke Philomène, miyar jiya, gishirin kasuwa duka kika juye a ciki?"

"Kwano biyu ka sha, tsohon makwaɗaici."

"Don kar in kunyata ki a gaban yaro ne."

"Yau sai ka dafa taka, mu ga ko kare zai sha."

Haka har ƙofar coci, kwana uku masu kaifi, rami a gefe guda, katangar dutse a ɗaya gefen, bai taɓa gogar ko ganye ba. Mutane suna cewa Anselme yana da ido a ƙeya. Nima haka na yarda.

Ana nan, wata shekara sai idanunsa na gaba suka fara tafiya. Da fari jarida ya daina karantawa, ya ce ƙarya ta yi yawa a ciki. Daga baya ya gaishe da injin wanki da aka ajiye a ƙofar maƙwabta, ya ɗauka matar gidan ce. Mémé ma ta sha jinya da hunturu, ta tashi ta rame, rigunanta duk sun yi mata yawa.

Gwaggo Solange, 'yarsu, ma'aikaciyar jinya ce a birni. Ita ta zo ta zaunar da mu. Rufin rumfa yana yoyo, ƙwari sun fara cin katakon motar, mu kuma ba mu da yadda za mu yi da su. Akwai gidan tarihi na motoci a birni, shugabarsa Madame Delcros ta zo ta ga Léontine har sau biyu, ta ce za su riƙe ta da kyau, a wuri busasshe, da sunan gidanmu a jikinta. Pépé ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce ya yarda, bayan bikin kai inabi na wannan shekarar. Amma abu ɗaya: shi zai hau da ita tudu, hawan ƙarshe.

"Baba, ba ka gani," in ji Gwaggo.

"Na gan ki sarai. Kin yi ƙiba."

"Baba!"

"A gwada ni. In na kasa, yaro ya tuƙa, ni in bi a ƙasa kamar akuya."

Aka tsaya a kan za a yi gwaji ranar Alhamis kafin bikin.

Tun da bazara ni da Firmin, mai gyaran kujeru na garinmu, muke shirya ta. Mun so ta tafi birni da mutuncinta. Firmin ya ɗinke fatar kujerun inda ta yage, da zare irin na da. Yana da wani tsohon hoto na ranar da aka kawo ta gari, ya manna shi a bango yana ta dubawa. Wata rana ya kira ni, ya nuna mini ƙarƙashin kujerar gaba.

"Duba nan, ɗan samari. Huda huɗu a nan, ga wasu huɗu can gaba babu komai a ciki. Waɗancan su ne na maƙerin, dubi yadda suka fita tsaf. Waɗannan kuwa wani ɗan gaggawa ne ya yi su, kamar ɓera ya ci."

Muka duba hoton. Gaskiyarsa, a hoton kujerar ta fi matsawa gaba. Muka kwance ta, muka mai da ita hudojinta na asali. Tazarar ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Muka sha ruwan inabi kofi ɗaya-ɗaya muna jin mun yi abin kirki, ban ma ga abin faɗa wa kowa a ciki ba.

Ranar Alhamis da la'asar na juya ƙarfen tayarwa, ta yi tari ta kama. Na tuƙa ta zuwa famfo, na juya ta, na sauka. Pépé ya hau yana laluben mariƙin. Mémé ta zauna a gabansa, ta baza bargo. Gwaggo Solange tana gefe ta harɗe hannu, Firmin da wasu tsofaffi biyu sun fito daga shagon kofi.

Suka fara hawa, ina biye da katakona. Abin da na fara lura da shi, babu faɗa. Ba miya, ba gishiri. Mémé sai mutsu-mutsu take yi a kujera, tana zamowa gaba, tana komawa. Fuskar Pépé kuwa kamar ta wanda ya yi sallama a ƙofa yana jiran a amsa. Kwanar farko ya wuce ta da ƙyar. A ta biyu motar ta fara karkata wajen rami.

"Anselme! Ramin! Juya, juya!" Mémé ta ɗaga murya.

Ya juya, amma ya makara. Tayar baya ta zame cikin ramin, motar ta jingina da kurangar inabi, inji ya yi tuf ɗaya ya mutu. Na cusa katako. Ba wanda ya ji ciwo, 'yar fitilar baya ce kawai ta lotsa.

Pépé ya sauko da kansa, ya ƙi hannuna. Ya cire hula ya mayar.

"To, Solange, kin yi gaskiya," ya ce. Ya kama hanyar gida yana bin katanga da hannu.

A ranar ba wanda ya yi magana a wurin cin abinci. Miyar ma gishirinta ya yi yawa da gaske, amma ya shanye bai ce komai ba. Wannan ya fi ramin damuna.

Washegari da safe na same shi a rumfa, zaune a kan ganga, hannunsa a kan tayar Léontine. Na ɗauki fitilar ina ƙoƙarin fitar da lotsawar.

"Pépé, kwanar nan dama muguwa ce. Ko mai ido..."

"Ba idon ba ne, yaro."

Na ɗago na dube shi.

"Ta janye ƙafarta," ya ce. "Sun haɗa baki da 'yarta. Da ta faɗa mini a gida, Anselme ka haƙura, da na haƙura. Ba sai ta bar ni a gaban Firmin ba."

Ban gane ba. Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce, ta janye ƙafa, wato ta daina goyon bayansa. Na ce masa Mémé ba za ta yi haka ba. Ya ce in ci gaba da aikina.

Da rana na shiga kicin neman ruwa. Mémé tana feraye dankali. Ta leƙa taga ta ga ba kowa, ta ajiye wuƙar, ta goge hannu.

"Bastien, zo ka auna ni."

A jikin katakon ƙofar kicin akwai zane-zanen tsawonmu, nawa da na Gwaggo tun tana yarinya. Akwai na Mémé ma guda ɗaya, Pépé ya yi shi don tsokana shekarar da na wuce ta. Ta cire silifas, ta jingina, ta miƙe iya miƙewarta. Na ɗora hannu a kanta.

"Kin ragu kaɗan. Kamar yatsa ɗaya."

"Kada ka yi mini ƙarya don in ji daɗi."

"Ga shi nan, duba da kanki."

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"To in yatsa ɗaya ne, me ya sa ban kai ba?"

"Kai ina, Mémé?"

Ta koma ta zauna, ta ɗauki dankali ta riƙe kawai. Kunnuwanta suka yi ja kamar na budurwa.

"In ka faɗa wa wani sai na yanke maka kunne. Kana tsammanin kakanka yana da ido a ƙeya? Mutumin da ba ya ganin safarsa tana ƙafarsa? Ni ce ke kallon tudu, shi ni yake kallo. A ƙarƙashin bargo gwiwata tana jikin tasa. In na danna wannan, ya karkata nan. In na danna waccan, ya karkata can. In na matse duka biyun, ya rage gudu. Tun hawanmu na farko haka muke yi. Faɗan miya kuwa don mutane su kalli bakinmu ne." Ta ja numfashi. "Jiya na miƙa ƙafa, na miƙa, ba komai sai iska. Na ce shi ke nan, ciwon nan ya cinye ni, na ƙanƙance. Ni na jefa shi rami. Da wane baki zan gaya masa?"

Kofin ruwa yana hannuna, na kasa sha. Maganar Pépé ta safe ta dawo mini, ga kuma hudojin nan huɗu.

"Mémé," na ce a hankali, "ba ke kika ragu ba. Kujerar ce. Ni da Firmin muka matsar da ita gaba."

"Kuka yi me?"

"Mun ga a hoto ne... hudojin asali..."

Tsumman goge kwano ne ya fara samuna a fuska. Ɓawon dankali ya biyo baya.

"Jakuna! Jakuna biyu, babba da ƙarami! Hudojin asali! Kakanka ne ya huda waɗancan da hannunsa, satin da aka kawo ni gidan nan, don ƙafafuna gajeru ne. Ubansa ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa, wai ya ɓata motar gado. Ku kuma kun zo da hotonku!"

Tana zagina tana dariya, hawaye na zuba, har ta rasa wanda za ta fara sharewa. Da ta natsu sai ta ce, "Wato shi tsohon yana can yana tunanin da gangan na yi?"

"Haka ya ce."

"Shekara nawa muna tare, bai san ni ba har yau. Bar shi ya sha kunun ransa zuwa jibi. Ka mayar da kujerar, kuma kada ka ce masa komai."

Na sami Firmin a shagonsa. Ban gaya masa zancen gwiwa ba, na ce dai Mémé ba ta jin daɗin zaman. Ya yi ta ƙorafi, wai me mutanen birni za su ce in suka ga aikin ɓera, amma ya ɗauko kayan aikinsa. Muka jira Pépé ya tafi shagon kofi, muka mayar da ita.

Gwaggo Solange kam sai da na gaya mata, don ba zan iya yi mata ɓoye a kan ran iyayenta ba. Na nemi izinin Mémé tukuna, ta ce kunne ɗaya za ta yanke maimakon biyu. Gwaggo tana shanya ta saurare ni har ƙarshe, rigar Pépé a hannunta tana ɗiga.

"A gidan nan aka haife ni," ta ce. "Ina yarinya har kuka nake yi a tudun nan, ina tsammanin rabuwa za su yi saboda miya." Ta shanya rigar. "Zan bi ta gefen rami. In taya ta matso, ka cusa katakonka, magana ta ƙare. Ka ji ni?"

"Na ji, Gwaggo."

Ranar Lahadi gari ya cika. An jera tebura a dandali, burodi da cukun akuya da tsiran da matar mahauci ke yi duk shekara. Madame Delcros ta zo da motar ɗaukar kaya, ta ajiye ta bayan makaranta don kada ta ɓata wa mutane rai. Na tuƙo Léontine zuwa famfo, Mémé a gabana da kwandon inabi a gefenta, na juya ta. Pépé yana tsaye can cikin mutane da kwat ɗinsa ta zuwa coci, yana kallon wani wuri daban.

"Anselme!" Mémé ta ƙwala masa kira. "Zo ka gyara mini bargon nan. Jikanka hannunsa kamar na mai dama siminti."

"Ana rana, me za ki yi da bargo?"

"Ina ruwanka? Zo dai."

Ya taho yana gunaguni, mutane na ba shi hanya. Na sauka. Ya laluba bargon daga ƙasa, ta ce ba haka ba, ya hau ya zauna ya ja shi ta can. Ya hau don a rabu lafiya. Ya zauna, ya ja bargon a kan ƙafafunsu.

Ina tsaye dab da su, na ga fuskarsa. Hannunsa ya tsaya a kan bargon. Bakinsa ya ɗan buɗe, ya rufe. Ya daɗe a haka, inji yana ta tuf, tuf a ƙarƙashinsa.

"Ina kika shiga ranar Alhamis?" ya ce ƙasa-ƙasa.

"Tambayi jakinka. Za ka tuƙa ne ko sai inabin ya bushe?"

Ya juya kai wajen da yake jin Gwaggo take. Ita kuwa ta riga ta zagaya gefen rami, ta naɗe hannun rigarta.

"Mu je, Baba," ta ce. "Fada yana jira."

Ya kama mariƙin. Na ɗauki katakona.

Léontine ta ja baya, ta kama tudu. Mutane suka yi tsit, ba ka jin komai sai inji da takun takalma a kan tsakuwa. Kwanar farko ta wuce sumul. Muka doshi ta biyu, inda kurangar da muka karya take kwance har yanzu. Na gyara riƙon katakon. Na ga bargon ya ɗan motsa, kaɗan ƙwarai, in ba ka sani ba ba za ka gani ba. Pépé ya karkata mariƙin, tayar ta bi ta gefen ramin ta wuce kamar an ja mata layi.

Sai ya gyara murya.

"Philomène."

"Mene ne kuma?"

"Miyar ranar Alhamis. Na yi shiru ne kawai don ina fushi. Amma ko teku ba ta kai ta ba."

"Ka shanye har ka lashe cokali, tsohon banza!"

Dariya ta ɓarke tun daga gaba har bayan layi. Firmin ya jefa hularsa sama ta faɗa rami. Gwaggo Solange tana tafe tana share ido da bayan hannu, ɗaya hannun bai bar jikin motar ba. Haka suka yi ta yi, daga miya suka koma kan munsharinsa, daga nan kan wata ƙanwarta da ta ci bikinsu ba ta kawo komai ba, har tayoyin baya suka taka dandamalin coci. Pépé ya ja birki, ya kashe inji da kansa. Bai sauka da wuri ba. Fada ya zo ya ɗauki kwandon, ya yi addu'arsa, ya gama, su biyun suna zaune.

Da yamma, kafin a ɗora ta a motar kaya, Madame Delcros ta durƙusa tana duba ƙarƙashin kujera da 'yar tocila. Ta ga hudojin nan da babu komai a ciki.

"Waɗannan ne na maƙerin," ta ce. "Wa ya matsar da ita baya?"

"Ni ne, Madame," in ji Pépé.

"Saboda me?"

Ya murza hularsa. Mémé tana naɗe bargo, ba ta ko ɗago ba.

"Ƙafafun matata gajeru ne," ya ce.

Madame ta dubi Mémé, ta dubi bargon, ta kashe tocilarta.

"To a nan za ta zauna," ta ce.

Tana can yanzu, a wani babban ɗaki mai tagogi, an kewaye ta da jar igiya. Sun kashe ƙwarin, sun bar lotsawar fitilar yadda take don na roƙe su. Nakan je in an gama aikin gona, suna barina in tsallaka igiyar in goge tagullar. Kwandon inabi kuwa a tarakta ake kai shi, ta gaba, cikin ɗan lokaci, mutane ma ba sa gama taruwa.

Bargon bai tafi birni ba. Madame ta tambaya, Mémé ta ce nata ne, da shi aka kawo ta. Yana kicin. Pépé ba ya ganin komai yanzu sai haske da duhu. In sanyi ya shigo, nakan dawo daga gona in same su kusa da murhu, kujera na kallon kujera, bargon a kan ƙafafunsu, yana gaya mata kofin yau ruwa ne zalla.